Kwalin da Matar Yaya Ta Miƙo Min

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin malamin gona tsakanin Kura da Bunkure, amma in ka tambayi mutanen garinmu mene ne aikina, ba wanda zai ce maka koyar da noma. Wa zan koya wa noma a nan? Mutanen da suke sanin ranar da za a sako ruwa a kanal tun kafin takarda ta iso ofis? Su dai a wurinsu ni mai karanta kwalba ne. Mutum zai sayo maganin feshi a kasuwa, ya biyo ta ƙofar gidana, ya zaro shi daga aljihu ya miƙo min, ko daga kan babur bai sauko ba. In juya kwalbar, in kawo ta kusa da ido, in ce murfi biyu a tanki ɗaya, kada a fesa da tsakar rana, kada a tsinki tumatir sai an kwana kaza. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya je ya zuba murfi huɗu. Haka muka yi ta yi har na ajiye aiki, ajiye aikin kuma bai hana su zuwa ba.

A duk abin da na karanta wa mutane, guda ɗaya ne ya tsaya min a rai, shi ma ba na gona ba ne. Wani ɗan kwali ne da matar wana ta miƙo min. Na karanta, na faɗi magana. Bayan shekara uku wan nawa ya kwanta da ciwon daji a harshe, ita kuma ta daina yi min wasa. Na yi wata da watanni ina son in san ko a ranta ni ne na kashe mata miji, na kuma kasa tambaya.

Yaya ya ba ni shekara shida. Bai yi boko ba, shi ya riƙe gonar da mahaifinmu ya bari a bakin kanal, shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Mutum ne marar surutu, mai taurin kai irin wanda ba ya musu da kai, sai ya bari ka gama bayaninka tsaf, ya gyaɗa kai, ya je ya yi abin da ya yi niyya. Tun yana saurayi yake shan sigari. Sai dai shansa yana da iyaka, kuma ba shi ya sa iyakar ba, kunya ce ta sa. Ba ya sha a cikin gida, ba ya sha a gaban manya, ba ya sha a hanyar da surukansa suke bi. Sai ya je gona, ya jera bututun jawo ruwa daga kanal, ya ga ruwa ya fara shiga fangali, sannan ya zauna a kan gaɓa ya kunna. Da ya hango farin gemu tafe, sai ya cusa karan a laka ya miƙe yana gaisuwa. Ko da ya so ya sha da yawa, garin bai ba shi fili ba.

Matarsa kuwa sana'arta turara shinkafa, kamar yawancin matan yankinmu. Manyan tukwane uku a tsakar gida, buhunan shanshera jingine da katanga, tabarmin shanya har bakin ƙofa. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ina ɗan sakandare, ta sa min suna ƙaramin miji, kuma ba ta taɓa bari na wuce lafiya ba. In na shigo da takalmi mai tsabta ta ce ga manomin da ƙasa ba ta san ƙafarsa ba. In na ci tuwonta na yi shiru ta ce ai dole, matata ta saba min da ruwan miya. Ni ma ba na ƙyale ta. Nakan ce shinkafarta ce ta karya haƙoran rabin mutanen Kano. Yaya yana zaune yana jin mu, wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya ce mu fita masa daga kunne. Mun kai shekara talatin a haka, har furfura ta fito mana, ba mu daina ba.

Abu ɗaya ne ba ta yi masa wasa, shi ne sigarin mijinta. Warinsa a riga, warinsa a matashi, ga tarin da yake yi in ya tashi sallar asuba, wanda har maƙwabta suke ji. Ta yi nasiha, ta yi fushi, ta ɓoye ashana, ta kai ƙara wurin ƙanwar mahaifinmu. Yaya ya gyaɗa kai.

Sai wani direban motar tumatir, cikin masu zuwa lodi da rani, ya ba shi kyautar abin nan da ake ce wa sigarin lantarki a rediyo. Mu a nan sigarin caji muke ce masa. Direban ya ce masa shi ma da wannan abin ya rabu da sigari. Yaya ya kawo gida ya ajiye, ya ce ba zai sa a baki ba sai an karanta, don shi duk taurin kansa ba ya buɗe sabon abu sai na gani.

Na shiga gaishe su da hantsi. Tana kan tukunya, tururi ya rufe ta har ba a ganin fuskarta sosai. Da ta gan ni ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki ta fito da kwalin.

"Ƙaramin miji, yau dai karatun nan naka zai yi min rana," in ji ta. "Duba min wannan. In ka ce babu komai, wallahi yau sigari ya bar gidan nan."

Ɗan kwali ne da bai kai tafin hannu ba, da hoton mangwaro a jiki. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, wani da Turanci, wani da irin rubutun da ban san ko na ina ba ne. Ni idona ya saba neman abu uku a jikin kwalba: launin da ke gindinta, ko ja ne ko rawaya ko shuɗi ko kore, sai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, sai kwanakin jira. Da su nake gane mugun magani da mai sauƙi. Kwalin nan ba shi da ko ɗaya. Akwai layi guda da ya ce abin yana ɗauke da sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum. Akwai kuma jerin wasu sunaye dogaye waɗanda ba na gona ba ne, ban taɓa cin karo da su ba. Na juya kwalin, na sake juyawa. Na ɗaga kai, ga ta tsaye da muciya a hannu tana jira.

"Ba hayaƙi ba ne wannan, tururi ne," na ce. "Irin wanda kike shaƙa kullum a kan tukunyarki. Da tururi yana kisa, da tuni mun ci gumbar arba'in ɗinki."

Ta yi dariya har da dafa ƙirji, ta kai min duka da muciya na goce. Na fita ina jin daɗin kaina, don na ga maganar ta yi kyau. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bai kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ya yi kamar an dace. Warin ya bar gidan. Tarin asuba ya ragu. Ta riƙa nuna ni ga mata tana cewa ashe bokon yana da amfani, ita da ta ɗauka kuɗin makarantata asara aka yi. Abin da ban hango ba shi ne, ranar da na ce ba hayaƙi ba ne, ranar na cire wa Yaya kunyar da ta tsare shi shekara da shekaru. Wanda yake shan tururin mangwaro me zai ɓoye? Ya ɗaura masa igiya ya rataya a wuya tare da wayarsa. Ya sha a zaure, ya sha a ɗaki, ya sha a kan babur. Na taɓa ganin sa yana zuƙa a gaban surukinsa, tsohon yana cewa wane irin turare ne wannan mai daɗi. Da, sai ya yi tafiya zuwa gona kafin ya kunna kara ɗaya. Yanzu daga tashi har kwanciya abin yana bakinsa. Kuma sigarin bai tafi gaba ɗaya ba. Nakan ga guntayensa a kan gaɓar kanal inda yake zama, in taka su da ƙafa in wuce, ban gaya mata ba.

Maganata kuma ba ta tsaya a gidan Yaya ba. Kafin a kai ƙarshen rani na fara ganin abin a hannun maƙwabtansa na gona. Ba wanda ya kawo min nasa kwalin. Sun ce ai Malam ya riga ya duba, ya ce tururi ne.

An rubuta a jikinsa cewa in ruwan ciki ya ƙare a jefar. Wanda ya rubuta haka bai san manomin rani ba. Mutanen da suke liƙe tankin feshi da narkakkiyar roba har sau biyar, su ne za su jefar da abu mai batir? Direbobi suka fara kawo ruwan a 'yan kwalabe, Yaya ya koyi ɓalle gindin abin da bakin wuƙa, ya zuƙo ruwan da sirinji ya ɗura, kamar yadda yake auna maganin ciyawa. Wata rana na ce ya ba ni kwalbar in gani. Fara ce fat, babu ko harafi ɗaya a jikinta. Na buɗe na sansana, na ji mangwaro, na mayar masa. Tunda babu abin karantawa, sai na ga kamar ba hurumina ba ne.

Ciwon ya faro ne da ɗan gyambo a gefen harshe. Ya ce haƙori ne ya yanke shi. Ya daina cin goro, ya ce a rage yaji a miya. Matarsa ta dafa masa bagaruwa yana kurkure baki, ta shafa zuma, aka karɓo wani ruwa wurin mai kemis. Gyambon yana nan. Na ce mu je asibiti, ya ce bari a yanke alkama, don ruwa layi-layi ake ba mu, in ranarka ta wuce sai wani zagayen. Aka yanke alkama, ya ce bari a dasa shinkafa. Na yi masifa irin wadda ƙane zai iya yi wa wansa, wato kaɗan. Sai da wani ƙullutu ya fito masa a wuya, magana ta fara yi masa nauyi, sannan ya hau bayan babur ɗina ba tare da na roƙa ba.

Ba na son tuna hanyar Kano ta waɗannan watanni. Fita da sassafe, jiran mota a Kura, cunkoso tun daga Kumbotso, benci, kati, wani bencin, a ce likitan yau bai zo ba a dawo Talata. Aka yanki ɗan nama daga harshen aka kai gwaji, muka yi ta zarya kafin sakamako ya fito. Ranar da ya fito, likitan, wani mutum mai sanyin magana wanda shi ma da ganin idonsa a gajiye yake, ya faɗi sunan ciwon a gaban Yaya. Yaya ya ce Allah ya sa kaffara ne. Sannan likitan ya shiga tambaya, ni ina amsawa saboda bakin Yaya. Sigari? E, tun yana saurayi. Goro? E. Taba gari? A'a. Yana feshi a gona? Yana yi, ba ya rufe hanci, in bakin famfon ya toshe ma da bakinsa yake hurawa, na yi magana har na gaji. Likitan ya nuna abin da ke rataye a wuyan Yaya ya ce, wannan fa? Na ce shekara uku.

Da muka fito na zaunar da Yaya a benci, na koma ni kaɗai.

"Likita, don Allah ka gaya min gaskiya. Wannan na cajin, shi ne?"

"Sigari kam mun san shi, ba ma shakka a kansa," in ji shi. "Wannan kuwa sabo ne. An ga wasu abubuwa a cikin tururinsa da ba mu ji daɗinsu ba, ana kan bincike. Amma irin wannan ciwo yakan daɗe kafin ya bayyana, abin kuma bai daɗe a hannun mutane ba. Ba zan ce maka shi ne ba, ba kuma zan ce maka ba ruwansa ba. Balle ka ce ruwan da yake ɗurawa ba a san abin da ke ciki ba. Wa ya ce masa ba shi da illa?"

"Mutane," na ce.

Ya girgiza kai ya kira mai bi a layi. A mota Yaya ya cire igiyar daga wuyansa da kansa ya sa a aljihu, ban sake ganin abin ba.

Washegari na shiga gidan kamar kullum. Tana tankaɗen garin koko, don shi kaɗai yake wuce masa. Da ta gan ni ta ajiye rariya, ta gyara mayafi, ta rusuna.

"Malam, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali?"

Na tsaya ina jiran tsokanar da ta saba, ban ji komai ba. Ta kawo min ruwa a kofi mai murfi, irin wanda ake kai wa baƙo. Tun daga ranar ni Malam ne. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ba ta taɓa hana ni shiga ba, abincina ma in na tarar ana ci sai an zuba min. Amma in ina magana idonta yana ƙasa, in na zauna sai ta sami aiki a bayan ɗaki. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na sha tsayawa a zaure ina shirya maganar da zan faɗa mata, in shiga, ta ce Malam sannu da zuwa, maganar ta watse.

Masu dubiya kuwa kowa da dalilinsa a baki. Wani ya ce maganin feshi ne, wani ya ce ruwan kanal ya lalace, wata ta ce hannu ne, a nemi taimako. Duk ina iya zama in ji. Sai ranar da wata tsohuwa, wadda ba ta san komai ba, ta ce ita dai tun farko ba ta yarda da abin nan mai ƙamshi ba, wa ma ya ce a sha? Ba wanda ya kalle ni, kowa ya sami wurin da zai ajiye idonsa. Na tashi na ce zan je masallaci, alhali ko kiran azahar ba a yi ba.

Na yi ƙoƙarin janye maganata. Na sami maƙwabtan gonar Yaya su huɗu suna hutawa a gindin darbejiya a bakin kanal, biyu da abin a hannu. Na ce musu maganar da na faɗa a kan sigarin caji ban faɗe ta da sani ba, su bari.

"Malam, an tabbatar shi ya jawo wa mutumin namu?" in ji babbansu.

"Ba a tabbatar ba."

"To ai kai ka ce tururi ne."

"Na ce. Na janye."

"Yanzu hayaƙi ne ke nan?"

"Ban ce hayaƙi ne ba. Cewa na yi ba a san ƙarshensa ba, likitoci ma suna kan dubawa."

Suka kalli juna. Mutanen kirki ne, ba raini suke yi min ba. Sun saba in ce murfi biyu ko murfi uku, wannan irin magana ba su san inda za su ajiye ta ba. Babban ya ce, "To Malam, in an tabbatar ka sanar da mu." Ban yi nisa ba na ji ƙamshin mangwaro ya biyo ni. Na gaji a ranar irin gajiyar da ban taɓa yi a aiki ba, ko haushi ban iya ji ba.

Yaya ya rame har zoben azurfarsa ya daina zama a yatsa. An gwada abin da za a gwada a asibiti, daga baya suka ce mu koma gida a riƙa ba shi maganin rage zafi. Wata la'asar muna zaure mu biyu, yana kishingiɗe a tabarma, na ga in ban yi magana yanzu ba shi ke nan.

"Yaya," na ce, "kwalin nan da na karanta."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya daɗe yana haɗa maganar, don kowace kalma sai ya sha wuya kafin ta fito. Na matso da kunne ina tsammanin ko yafiya ko akasinta.

"Gobe," in ji shi, "layinmu ne. Ruwa. Kada ya wuce."

Washegari na je gonar da kaina. Ni da na yi shekaru ina zana wa manoma yadda ake jawo ruwa a kan allo, na tsoma bututun, na toshe bakinsa da tafin hannu, na ja, na saki, ko ɗigo bai fito ba. Na yi ta yi har rigata ta jiƙe. Maƙwabcinsa ya tsallako, ya jera su duka cikin ɗan lokaci, ya koma gonarsa. Da na dawo na ce wa Yaya ruwa ya shiga, ya lumshe ido. Ba mu sake tayar da maganar kwali ba. Ya rasu bayan sati uku, wata Alhamis da rana, shinkafar da ya damu da ita ta fara fitar da kai.

Ta yi takabarta a ɗakinta. Ina zuwa da hantsi in tsaya daga bakin ƙofa in gaishe ta, in tambayi abin da babu, ta ce akwai komai, Malam, an gode. Tukwanen suna kife a jikin katanga. Da takaba ta kusa ƙarewa aka gaya min ta yanke shawarar komawa wurin danginta a Madobi, tunda 'ya'yan duk sun yi aure. Ba wanda ya isa ya hana ta, ban kuma yi ƙoƙari ba. Amma na san in ta tafi a haka, daga gaisuwar salla sai ta suna ko ta mutuwa, kuma zan mutu ban sani ba.

Ranar tafiyar na zo da wuri don in taya lodi. An fitar da gado da akwatuna, saura tukwanen. Na same ta a tsugune tana kankare baƙin gindin babbar da guntun fasasshen kasko. Na tsaya a kanta, ban yi dogon shiri ba, don duk shirin da na yi a baya bai amfane ni ba.

"Matar Yaya, zan tambaye ki, ki gaya min tsakaninki da Allah. Kina ganin maganata ce ta kashe shi?"

Ba ta daina kankara ba. "Likita ya ce abin ne?"

"Ya ce bai sani ba."

"To ni ina zan sani, Malam?"

"Amma kin daina yi min magana."

Sai ta ajiye kaskon. Ta daɗe tana kallon hannunta da ya yi baƙi.

"Shekara nawa ina ganin ka kana karanta wa mutane kwalba?" in ji ta. "In ka san abu, kanka a ƙasa kake faɗa, da faɗa-faɗa, kamar an tashe ka daga barci. Ranar nan sai da ka juya kwalin, ka sake juyawa, ka ɗago ka dube ni, sannan ka yi magana. A take na san ba ka sani ba. Fuskata ka duba, ka ga abin da nake so, ka ba ni. Ni kuma na karɓa, don na gaji da warin, na gaji da tarin nan. Da na shiga ɗaki ya tambaye ni me ka ce, na ce masa ka ce ya fi ruwan randa lafiya. Kai ba ka faɗi haka ba, ni na ƙara. In ya ajiye shi ya manta, ni nake kai masa caji."

Ta share ido da bakin mayafi, baƙin tukunya ya shafe mata kunci.

"Ba fushi nake da kai ba. Kallonka ne ba na iyawa. Da na gan ka sai in ga kaina tsaye da muciya ina dariya."

Na zo da shirin a ɗora min laifi, na kuma zo da ɗan fatan a yafe min. Wannan ban shirya masa ba. Na so in ce mata sigari ne, fiye da shekara talatin na sigari, ba ruwanta, ba ruwana. Maganar ta zo har bakina, kuma mai yiwuwa ma gaskiya ce. Na dube ta na ga tana jira, na gane irin jiran, irin na ranar kwalin ne, sai na yi shiru.

Direba ya yi hon daga waje. Ta miƙe ta kama kunnen tukunyar ɗaya.

"Kama can, Malam," in ji ta.

Na kama, muka fitar da ita, muka dawo muka ɗauki sauran biyun. Ta shiga gaban mota ta ce a gaishe da iyali, na ce za su ji. Har motar ta tashi ba ta kira ni da wani suna ba sai Malam.